Abin da Ciyayya Ta Ɗora wa Maigida

Ina farawa da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya tanadi maganinta. Sunana Rabi, matar baduku ce ni a Birni, cikin Damagaram. Labarin nan na rubuta shi ne don matar da lokotoro, wato likita, ya ce wa mijinta ya rage jiki, kuma mijin yana fita da kwano bayan magariba. Ƴar'uwa, in ke ce, ki zauna ki karanta har ƙarshe. Ni ba wanda ya gaya mini, sai da na kusa shiga takaba.

Da aka kawo ni gidan nan Maigida siriri ne, ana ƙirga haƙarƙarinsa in ya tuɓe riga. Da ƙafa yake zuwa kasuwa, jakunkuna da takalma a kafaɗa, da ƙafa yake dawowa. Damina na faɗuwa sai ya rufe shago ya tafi gonar gado a Dakusa. Tuwon hatsi da miyar kuka muka sani, sai kwaɗon zogale da rana. Da Allah ya buɗa sana'a ya sayi moto, babur ke nan, ya bar wa ƴan'uwa gonar, shinkafa da makaroni suka kori tuwo daga tukunyata. Daga safe zuwa la'asar yana zaune kan buzu yana ɗinkin fata, ba ya tashi sai salla. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace, Birni kuwa ta sa albarka. Duk inda na shiga sai a ce, "Rabi, kin iya kiwo!"

Abin ya fara da wani ƙullutu a saman cibiyarsa. In ya yi tari ya fito, in ya kwanta ya koma. Ya daɗe yana ɓoye mini, kin san maza. Sai na lura ba ya iya sujada sai yana nishi, ga ciwon ƙeya kullum da safe. Wata rana ya sunkuya zai ɗauki daurin fata, sai na ji ya ce "wash!" ya dafe ciki, fuskarsa ta yi toka. Ran nan na ce ko ya bi ni asibiti ko in tara masa unguwa.

Asibiti kuwa, sai wanda ya je. Muna idar da asuba muka fita, muka tarar da benci a cike, mutanen ƙauye har sun kwana a ƙofa. A tura ka nan ka yanki takarda, a tura ka can a ɗebi jini don analiz, ka dawo a ce mai sa hannu ya fita. Sai da rana ta take muka shiga wurin lokotoro. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai furfura, ba ya dariya, ba ya kuma kwana-kwana. Ya kwantar da Maigida, ya danna wurin, ya ɗaura masa abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya hau da shi kan balans ya auna nauyinsa. Sannan ya zauna ya dube mu.

Ya ce, "Ƙaba ce. Bangon ciki ya yage, hanji ne ke leƙowa. Aiki za a yi. Amma ba zan kwantar da kai a haka ba, Malam. Tansiyonka ya yi sama, in na sa ka barci ban san ko za ka tashi ba. In ma ka tashi, kitsen nan zai ɓalle mini ɗinki. Ka je ka rage. Ka bar mai, ka bar sukari, ka rage gishiri, ka yi tafiya da ƙafa kullum."

Maigida ya ce, "To in ban rage ba fa?"

Sai ya juyo gare ni, kamar ya san wa ke riƙe magana a gidanmu. "Madam, ki ji da kyau. Ranar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, yana amai, kada ku jira kowa. Hanji ne ya shaƙe, kuma hanjin da ya shaƙe mutuwa yake yi."

Kada ku jira kowa. Maganar nan ta bi ni har gida, ta shiga madafa tare da ni, kuma ba ta fita ba har yau.

Satin farko na juya gidan kaf. Na ɗauke galan ɗin mai na kai ɗakin ajiya, na koma surfen hatsi kamar zamanin amarci. Tuwo ɗan malmala ɗaya, miyar kuka da daddawa, gishiri ɗan yatsa. Da rana zogale da kabeji da tumatir. Wani abin haushi, ganyen nan da muke rainawa ya fi shinkafa cin aljihu, ga ordonas, takardar sayen maganin tansiyo da ba ya ƙarewa, kullum ana hanyar farmasi. Na sayar da akuyata ban gaya wa kowa ba. Maigida na cin na rana yana ɓata fuska, amma yana ci.

Tafiyar ƙafa ce ta gagara. Ya gwada sau ɗaya, bayan la'asar. Bai kai bakin titi ba aka tare shi. "Lafiya, Malam? Moto ta lalace?" Mai kabu-kabu ya tsaya ya ce ya hau kyauta, don Allah. Wani ya tambaye shi ko an yi rasuwa ne. Ya dawo yana huci ya ce shi ba yaro ba ne da zai riƙa zagaya gari ba dalili, dattijo ba ya tafiya sai da inda za shi.

Sati na biyu yayarsa ta iso daga Dakusa, Yaya Hansatu, da ƙullin sassaƙe da tulun man shanu. Ta leƙa tukunyata ta riƙe baki.

"Rabi, wannan miya ce ko ruwan wanke kwano? Mara lafiya ake wa haka?"

Na ce, "Yaya, lokotoro ne ya ce."

"Lokotoro ya haife shi? Ubanmu da ƙabarsa ya yi noma har ya tsufa. A jiƙa masa wannan, a shafa man shanu da ɗumi, ta koma. Wuƙa kuma, Allah ya raba mu da ita."

Na karɓi kayan da hannu biyu. Yayar miji ce, kuma don ƙauna take yi. Sassaƙen dai na jiƙa na zuba wa bishiyar darbejiya, man shanun na ɓoye bayan galan.

Yanzu bari in gaya miki inda gizo ke saƙa. Maigida ba ya cin abincin dare a gida, tun kafin a auro ni. Ciyayya suke yi a ƙofar gidan Malam Sanda, babbansu. Ana idar da magariba kowa ya ɗauko kwanon gidansa, a baje tabarma, a buɗe kwano ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Bayan nan shayi, zagaye uku, mai kauri kamar zuma. Su huɗu ne tun suna samari: Malam Sanda, da Mushe Abdu tsohon malamin lakwal (mu nan mushe muke ce wa malamin boko), da Alhaji Ila mahauci, sai Maigida. Ila shi ne amininsa na ƙut-da-ƙut. Maigida na ce masa Mahauci, shi yana ce masa Baduku.

Ba wai na manta da ciyayyar ba. Na yi masa magana, ya ce kada in damu, ya gaya musu halin da yake ciki, nasa kwanon kaɗai yake ci. Kwanon kuwa kullum yana dawo mini a suɗe tas. In na gani sai in ce alhamdulillahi, mutumina ya kama rejim, yana bin dokar abinci.

Da wata ya cika muka koma randebu, ranar da lokotoro ya sa mana. Maigida ya hau balans. Lokotoro ya duba, ya ce ya sauka ya sake hawa. Ya sake dubawa. Ba ragi, ƙari ma aka samu. Tansiyo na nan inda yake, ƙabar ta ƙara faɗi.

Ya ce, "Madam, me kike ba shi?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da hannuna ya yi kanta da surfe, ni da na sayar da akuya! Na dubi Maigida, shi kuwa ya tsura wa silin ido kamar yana karatu a jiki. Lokotoro ya ce, "Ramin na buɗewa. Kuna wasa da lokaci, kuma lokacin ba naku ba ne."

Ruwa ba ya tsami banza. Amsar ta same ni a gidan suna, a tsakiyar mata, daga bakin Zuwaira matar Alhaji Ila. Tana raba goro tana dariya ta ce, "Rabi, ragon Malam Sanda na gaishe ki. An ce tun da kika fara miyar asibitin nan ya yi ƙiba, shi ake juye wa." Mata suka kwashe da dariya. Ta ƙara da cewa, "Kada ki damu, ba mu bar miki miji da yunwa ba. Alhaji ya ce in riƙa ƙara kitse da ɓargo a namu, don Baduku. Gabansa ake turawa."

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na same shi a zaure yana yankan fata, na tsaya a kansa.

"Malam, rago nake dafa wa?"

Ya ajiye wuƙar. Bai yi musu ba, wannan na ba shi. Ya ce, "Rabi, zauna."

"Ba zan zauna ba. Kana so ka mutu ne? Ka faɗa mini in sani, in daina wahala."

"Ke ba za ki gane ba. Mutum ya turo miki tsoka da hannunsa, ki ce ba ki ci? Me kike nufi ke nan, kina zarginsa ya sa miki wani abu? Wanda ya janye hannu daga kwanon abokinsa ya yanke zumunci. Lokacin da shagona ya ƙone, wata nawa kwanonmu na fita da gaya ba miya, mutanen nan ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni? Nasu suka turo mini. Yau don lokotoro ya yi magana sai in ce abincinsu guba ne?"

"To ka zauna gida ka ci."

"A ce mace ta ɗaure ni a ɗaki? Gara ƙabar ta kashe ni."

Na ce, "Za ta kuwa."

Washegari na aika aka kira mini Alhaji Ila. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule. Na gaya masa duk abin da lokotoro ya ce, har da maganar hanji. Ila dogo ne, busasshe, duk naman da yake ci ba ya kama shi, shi ya sa bai yarda abinci na kisa ba. Dariya ya yi.

"Uwargida, tun ina yaye nake cin kitse, ga ni garau. Baduku in ya zo wurinmu idonsa har ya faɗa. In zuba ido aminina ya mutu da yunwa a gabana? Ki bar mu da shi, ciwo na Allah ne."

Na ce, "Alhaji, kashe shi kuke yi."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya sa takalmi ya fita. Daga ranar Zuwaira ta daina amsa gaisuwata.

Makonnin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Na gwada cika masa ciki da zogale kafin magariba don ya je a ƙoshe, sai ya zama yana cin biyu. In ya yi tari a zaure sai in saki muciya in fito da gudu. In ya shiga bayi ya daɗe, ina tsaye a ƙofa ina kasa kunne. Kullum da safe idona na kan rigarsa, wurin cibiya. Da, kwanciya kawai yake yi, ƙabar ta koma. Yanzu sai ya sa hannu biyu ya lallaɓa ta, yana cije leɓe, wani lokaci har ya yi zufa. Ni na rame, shi yana nan.

Ranar wata Juma'a aka yi walima gidan Alhaji Ila bayan saukowa daga masallaci. Maigida ya dawo ya kwanta, ya ce ciki ya ɗan cushe. La'asar na yi na ji kakarin amai. Na shiga na ɗaga rigarsa. Ƙabar ta fito kamar goruba, ta yi tauri, fatar wurin ta yi duhu. Na taɓa, ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Yaya Hansatu ta ce, "A kawo man shanu da garwashi, a ɗan jira ta huce."

Na ce, "Yaya, yau ba a jiran kowa." Na fita ko mayafi ban gyara ba, na tsaya a tsakiyar lungu na yi kururuwa.

Wanda ya san Birni ya san lungunmu. Mota ba ta shiga, katanga da katanga kamar za su haɗe, ƙasa kuwa rairayi ne har idon sawu. Taksin da Mushe Abdu ya kira ta tsaya can bakin titi. Moto kuma Maigida ba ya iya zama, ko miƙewa ba ya yi. Samarin unguwa duk sun tafi kallon ƙwallo. Mutanen ciyayya ne kawai a kusa, sai wani maƙwabci. Suka ciro ƙyauren zaurenmu, suka mirgina shi a kai. Ila ya kama wajen kafaɗu, inda ya fi nauyi.

Suka ce bismillah suka ɗaga. Ƙyauren ya tashi da ƙyar ya koma ƙasa. Suka sake. Ƙafafunsu na nutsewa cikin rairayi, jijiyoyin wuyan Malam Sanda sun tashi, Mushe Abdu na numfashi kamar zai shiɗe. Su ɗan taka su sauke, kuma duk saukewa sai Maigida ya yi ƙara ya sake amai. Ina biye ina kallon rana tana sauka, ina jin maganar lokotoro, hanjin da ya shaƙe mutuwa yake yi. A wata kwana mai dutse inda lungu ya tanƙware, ƙyauren ya ƙi juyawa, sai an karkata shi. Nauyin duka ya koma kan Ila. Na ji ƙas a bayansa, da kunnena na ji. Gwiwarsa ta kai ƙasa. Malam Sanda ya ce, "A sauke, a sauke, a nemo mutane!"

A nan bakina ya kufce. Na ce, "Ba mai saukewa! Ku kuka zuba masa, ku ɗauka!"

Mace ba ta yi wa abokan mijinta irin wannan magana, balle a titi. Na faɗa, kuma ko yau aka sake zan faɗa. Ila ya cije, ya miƙe da ƙyauren a hannunsa, hawaye na zuba, bai saki ba har bakin taksi.

A asibiti Allah ya taimake mu lokotoronmu bai tafi ba. Ya duba, ya dube ni, bai ce na gaya muku ba, Allah ya saka masa. Ya ce tunda ba a daɗe ba zai gwada mayar da ita da hannu. In ta ƙi, dole a shiga da shi yanzu, kuma da wannan tansiyo ba ya ɗaukar mini alkawarin komai. Aka yi masa allura, aka ɗaga ƙafafun gadon, aka fitar da ni. Na tsaya a baranda na dafe bango. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sai "Ya Allah" kawai nake maimaitawa. Kusa da ƙafata Alhaji Ila ne kwance a siminti, ya kasa zama, ya kasa tashi.

An kira magariba, an idar, shiru. Sai can lokotoro ya fito yana goge hannu. Ya ce, "Ta koma. Za mu riƙe shi mu ga ko hanjin bai ji ciwo ba. Amma Madam, ba ta yin haka sau biyu."

Zai wuce sai Ila ya kama bakin wandonsa daga kwance. "Lokotoro, don girman Allah. Da gaske abinci ne?"

Lokotoro ya ce, "Kai ne ka ɗauko shi?"

"Ni ne."

"To me kake tambayata?"

Aka sallami Maigida bayan ƴan kwanaki. Ila kuwa sati biyu yana kwance a gida, wani abu ya goce a ƙashin bayansa. Ranar da ya fara fita, da sanda, wurin ciyayya ya nufa. Ban san abin da suka tattauna ba, mata ba sa zuwa can. Abin da ya biyo baya dai na gani.

Ba su iya canja tukwanen matansu ba, kuma ban ga laifinsu ba, kowace da gidanta. Sai Malam Sanda ya yanke cewa kwanona shi ake fara buɗewa, kowa ya sa hannu, ba rago ba akuya. Ana gamawa, kafin a buɗe na biyu, Mushe Abdu zai miƙe ya ce shi zai wuce gida. Mushe ya daɗe da komawa unguwar Garin Malam da zama, da moto yake zuwa. To ya ajiye moton. Yana miƙewa sai Maigida ya ce, "Bari in taka maka." Wa zai tambayi mai rakiya ina za shi? Ba mai kabu-kabu da zai tsaya, ba mai cewa moto ta lalace. Su tafi a hankali suna hira. In sun yi nisa Mushe ya ce ai ba a bar mai rakiya ya koma shi kaɗai, ya juyo da shi. Da farko bakin titi kawai suke kaiwa Maigida ya nemi dakali. Kafin wata ya ƙare har ƙofar gidan Mushe suke zuwa. Kwanon Mushe kuwa sauran ke cinyewa, shi sai ya koma gida ya sha fura, bawan Allah.

Kada ki ce daga nan komai ya yi daɗi. Shayi ya ba mu wuya, mutumin da ya saba da zagaye uku ya koma ruwan ganye ba sukari, sati guda yana faɗa da kowa a gidan. Sau biyu na kama shi da ƙosai a aljihu. Ƙabar kuma tana nan, kullum da safe ina dubawa, duk tari gabana na faɗuwa. Da jikin ya fara sauka, riguna suka yi masa yawa, sai Birnin da ta ce na iya kiwo ta juya harshe. Wasu suka ce mugun ciwo ne muke ɓoyewa, wasu suka ce sammu. Yaya Hansatu ta zauna a tsakar gida tana kuka wai na tsotse mata ƙane, ta tattara ta koma Dakusa ba sallama. Ila kuma kullum sai ya aiko Maigida da saƙo: a gaya wa Uwargida miyar yau ta fi ta jiya rashin daɗi. Amma an ce shi ke suɗe kwanon.

Randebu na gaba balans ta motsa kaɗan. Na bayansa ta motsa sosai, tansiyo ya sauko. Lokotoro ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Yanzu za mu iya magana." Ya ba mu rana. Ordonas ɗin aikin kuwa doguwa ce kamar rawani, har zaren ɗinki da safar hannu mu muka saya, wani maganin sai da Mushe ya zagaya farmasi uku. Ranar aikin aka ɗaga mu daga safe zuwa azahar saboda wuta ta ɗauke. Ina ƙorafin wannan, kuma zan ci gaba da yi. Amma majo ɗin nan, mai jinyar da ta riƙe hannuna a ƙofar ɗakin aiki, ban san sunanta ba, Allah ya san ta. Da aka turo Maigida, ido a rufe, sai da na ga ƙirjinsa na ɗagawa sannan na zauna a ƙasa. Da ya farka abin da ya fara tambaya shi ne ko Mahauci ya zo. Yana nan kuwa, tun safe, tsaye jikin bango don zama na ba shi wuya.

Ranar sallama lokotoro ya ce kada ya yi doguwar tafiya cikin rairayi sai ɗinki ya kama. Taksi ta sauke mu a bakin lungu, sai ga ƙyauren zaurenmu a jingine, an ciro shi tun safe, an shimfiɗa masa bargo. Malam Sanda da Mushe Abdu da maƙwabcin nan suna tsaye, da wani na huɗu da aka samo a madadin Ila. Ila na gefe da sandarsa, a ranƙwafe. Bayan bai miƙe ba, kuma an ce ba zai miƙe ba.

Aka kwantar da Maigida a hankali. Mutanen suka gyara tsayuwa, suka tofa yawu a hannu, suka kafa ƙafa cikin rairayi kamar wancan karon. Suka ce bismillah suka ɗaga da ƙarfin da suka sani. Ƙyauren ya yi sama har kusan kafaɗa, Maigida ya riƙe gefe yana ihu, "Kai, ku yi hankali da ɗinkina!"

Ba wanda ya yi dariya. Suka tsaya cak suna duban juna. Sai Ila ya matso, ya mayar da sandar hannun hagu, ya sa tafin damansa ƙarƙashin ƙyauren, wajen kafaɗu, inda ya riƙe ranar nan. Ya ɗan ɗaga, ya ji yadda nauyin ya ragu. Haka ya bi su, a ranƙwafe, hannu ɗaya a ƙyaure, suka wuce kwanar dutse ba su sauke ko sau ɗaya ba.

Ina bayansu da ƙullin kayan asibiti, ina kuka ban damu da wanda ya gani ba. Da muka isa na wuce madafa na ɗora tukunyar dare, na ƙara malmala ɗaya saboda Ila. Ran nan ma ban sa mai ba.